Yadi Biyar na Bazara

Tun da bazara ta sauka a Gwammaja
na ninke leshina mai duwatsu,
na sa masa kafur, na ce kwanta.
Ba faɗa muka yi ba,
zafi ne ya shiga tsakani.

Shekara sittin da bakwai
ina tambayar idon mutane abin da zan sa.
Bana fatata na tambaya.
Ta ce, a ba ni iska.

Sai muka hau a-daidaita zuwa Kantin Kwari,
ni da Yalwa, ƙawata tun muna ɗaurin ƙirji.
Yaron shago ya zubo mana masu walƙiya,
“Hajiya, wannan ake yayi.”
Na ce, ɗan nan, yayi ba ya gumi, ni ke yi.
Na ɗaga yadi na leƙi rana ta cikinsa,
na murza, na kara a kumatu.
Auduga ba ta iya ƙarya ba:
in ta gaske ce, sanyinta na gindin randa ne.
Na zaɓi ruwan toka mai ’yan ganyaye,
Yalwa ta ɗauki ruwan goro,
wai a hango ta tun daga Ƙofar Mazugal.

Sa’ade mai ɗinki ta zaro tef za ta auna ƙugu.
Na ce, mayar da abinki,
ƙugun nan ya goya tara, ya gama jarrabawa.
Yanka min riga mai faɗi,
hannun ya zama iska za ta shigo, mu gaisa, ta wuce.
Ban da zif, ban da shafi.
Aljihu biyu nake so,
ɗaya na waya da maganin hawan jini,
ɗaya na goro da alewar jikoki.

’Yan kunnen gwal da na sayo a hajjina na fari
sun ja min kunne har huda ta zama ƙofa.
Sun tafi hutu su ma.
Ƙanana nake sawa yanzu, kamar ƙwayar gero.
Awarwaro biyu na azurfa,
don in ji motsin kaina in gida ya yi shiru.
Zoben nan kuwa ba kwalliya ba ce,
yatsa ne ya kumbura ya hana shi fita,
kuma wanda ya sa min shi
ya yi damina shida a ƙasa.

Ɗaurin ɗankwali mai hawa uku na bar wa yara.
Nawa lanƙwasa ɗaya ce, sai mayafi shara-shara.
Takalmi na fata, shimfiɗaɗɗe, na Kurmi,
da ya san inda ƙafata ke ciwo.
Lalle a tafin ƙafa, ya sha zafin da ƙasa ta ba ni.
Baƙin tabarau likita ya ce in sa
bayan an cire min yanar ido,
amma jikana Mudan ya ce na yi kama da matuƙin jirgi,
to ko a inuwa ban cika cirewa ba.

Jiya Hansatu ta kira daga Abuja:
“Umma, me za ki sa ranar sunan?”
Na ce, abin da ke jikina.
Ta yi shiru har na zaci kuɗin wayar ne ya ƙare.

Yanzu an ɗauke wuta.
Na fito da tabarma ƙarƙashin darbejiya,
maficin kaba a hannu, wanda Inna ta bari,
bakinsa ya zare, na sake masa ɗinki sau biyu.
Hadari ya haɗo ta gabas, ya dube mu, ya fasa.
Ba komai.
Rigar da na wanke da la’asar
ga ta can a igiya tana rawa ita kaɗai.
Kafin a kira magariba ta bushe,
gobe ma ita ce.