Mota Mai Zuciya Biyu

A kasuwar motoci ta Da Khuree, ran Asabar,
sanyi ya ɗaure bakin kowa ban da dillali.
Ya daki bayan motar da tafin hannu
yadda babana ke dukan kuturin doki,
ya ce, "Shekara goma sha huɗu tana Japan,
wata tsohuwa ce ta riƙe ta, cefane kawai take zuwa."
Duk motar da ke layin nan, tsohuwa ce ta riƙe ta.
Da alama babu kowa a Japan
sai tsofaffi masu zuwa cefane.

Na zo da Sodbileg, abokina tun firamare,
wanda ya faɗi jarrabawar lantarki har sau biyu
amma yana jin ciwon batir tun daga nesa.
Ya jona wayarsa ƙarƙashin sitiyari,
ya duba, ya tsuke baki:
"Ɗaki ashirin da takwas ne a cikinsa, Anujin.
Biyu sun fara tari."
Dillali ya ce tarin sanyi ne.
Muka yi ta ciniki har yatsun ƙafata suka daina amsa kira.

Kuɗin da na ƙirga masa ina sane da fuskokinsu:
tumaki talatin da ɗaya, awaki tara,
da goɗiyar nan mai farin goshi
da ta ƙi hawa babbar mota sai da aka rufe mata ido.
Ragowar banki ya cika,
shi da ruwansa mai hawa ko babu damina.

Sitiyarinta a dama yake,
titinmu kuwa don masu na hagu aka shimfiɗa shi.
In zan wuce tirela
sai fasinja ya leƙa ya ce, "Tafi."
Haka nake ba baƙo amanar raina
a kan tugrik dubu biyar.

Duk sanda na tayar da ita, wata mace ce ke magana a ciki,
da Japananci, cikin ladabi.
Wata takwas ke nan ban san me take faɗa ba.
Ni dai nakan ce: lafiya lau, ke fa?

Da rana ina aji, ina haddar sunayen magunguna.
Da dare ina zagaye Ulanbata cikin hayaƙin kwal,
ina tsayawa ga duk hannun da aka miƙo.
A gosulo sai injin ya yi tsit,
fetur ya kishingiɗa, batir ya ɗauki kaya,
ni kuma in buɗe littafi a kan cinya
har na baya ya danna mini oda.
Ita zuciya biyu gare ta, suna karɓa-karɓa.
Tawa guda ce:
ita ke zuwa aji, ita ke ba da canji,
ita ke farkawa ƙarfe huɗu tana lissafi.

Da hutu na kai ta gida,
rabin hanyar babu kwalta.
Baba ya fito daga tanti, ya zagaya ta sau uku,
ya kara kunne a ƙirjinta.
"Ta mutu ne?"
Na ce a kunne take.
Ya ce bai taɓa yarda da dabbar da ba a jin numfashinta ba.

Da yamma duk da haka ya karɓi tuƙi,
ya tafi koro ragowar garke.
Tumakin ba su ji zuwansa ba
sai da ya leƙo ta taga ya yi musu tsawa.
Ya dawo yana dariya har da hawaye,
ya tambayi nawa take sha. Na faɗa.
Ya lanƙwasa yatsu, ya jinjina kai,
ya ce, "Ba laifi. Goɗiyar kam ciyawa take ci."
Daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Da asuba na tarar da shuɗin ƙyalle
ɗaure a jikin madubi, ƙulli biyu.
Na tayar. Matar ta gaishe ni.
A tudun farko da waya ta samu sabis
saƙon Sodbileg ya shigo:
ya samo batir na hannu a wajen wani,
in zo da kuɗi kafin Laraba.