Muryar da Ta Makara

A Tabuk nake yankan gilashi,
shago na uku bayan mai sayar da tayoyi.
Shekara ashirin da shida
ina jan layi, in ɗan ƙwanƙwasa,
ƙas, ya rabu biyu.

Ranar da jiragen soja suka fita atisaye
ba na ɗaga kai. Me zan gani?
Sama fayau, mai aikin ya riga ya wuce.
Sai dai shayi ya girgiza a kofi,
tattabaru su watse daga kan waya:
dum, dum,
kamar an rufe ƙofar ƙarfe cikin ƙirjina.
Kafin la'asar wani zai kira,
tagar ɗakin baƙi ta tsage.
Abincina ke nan. Ban roƙa ba, ban kuma ƙi ba.

Abu Mish'al ne ya warware mini,
tsohon makanikin jirage,
kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya.
Ina auna tagarsa, yana riƙe mini tsani.
Ya ce, Barau, sauti matafiyi ne,
daƙiƙa uku yake cin kilomita guda.
Jirgin nan ya fi shi ƙafa.
Iska ba ta jin sallamarsa,
ba a ce mata gafara dai ba,
sai ta cunkushe a hancinsa
kamar ruwa a goshin kwalekwale,
ta buɗe baya, ta sauko har ƙasa.
Hanci ya buga ɗaya, wutsiya ta buga ɗaya.

Na ce, matuƙin fa, bai kurmance ba?
Ya yi dariya har tsani ya motsa.
Shi ai bai ji komai ba.
Yana zaune cikin shirunsa
yana jan ƙarar a kan rufin mutane.
Roka ma, in ji shi, ruwa ake kwarara mata a ƙasa
kada ƙararta ta dawo ta illata ta.

Ban faɗa masa zancen kaset ba.

Shekarata ta huɗu a nan,
lokacin waya sai mai hali,
na zauna bayan isha, na danna jan maɓalli.
Inna, ni ne. Na yi ƙiba. Ina da shago.
Na kwaikwayi yadda Larabawa ke ciniki,
na yi dariya ni kaɗai a ɗaki.
Na ce, bayan babbar salla ina nan tafe.
Na naɗe shi cikin sabon mayafi,
na ba Nomau, direba, mai komawa Ƙauran Namoda.

Nomau ya tsaya Jidda neman cikon kuɗi.
Wata biyu.
Ya isa kwana tara da binne ta.

Ƙanena Maidabo ya ce a zaure suka kunna,
masu gaisuwa na zaune kan tabarmi,
sai ga ni ina ƙyaƙyata dariya,
ina tambayar ko akuyarta ta haihu.
Ya ce ba wanda ya iya tashi ya kashe.
Har ƙarshe suka ji ni,
har tarin da na yi, har ƙarar fankata.
Ni kuwa a daren ina nan Tabuk
ina cin gurasa da wake,
cikin shiruna.

Abin da na sani a sana'ata:
gilashi ba ya fara tsagewa daga tsakiya.
Daga gefe ne, inda ɗan tabo yake
tun ranar da aka kafa shi.
Ƙarar ba ta kawo komai,
tana dai samun wurin.

Yau ma sun tashi tun hantsi.
Na ce wa yarona Sha'aibu, sauke awo,
rage kaɗan a kowane gefe,
faɗin ƙwayar shinkafa.
Ya ce, Baba, zai yi lilo a firam.
Na ce, cika da roba.
Bar masa wurin da zai yi rawar jiki
in ta iso.