Allo na Goma Sha Ɗaya

Gishirin teku ba ya sallama.
Ta ƙasa yake shigowa, ya hau bango a hankali,
fenti ya kumbura, ya fashe, ya zubo
kamar ɓawon gyaɗa a kan darduma.
Sau uku muna shafe ɗakin nan,
sau uku Jidda tana lashe mana kuɗi.

Ran Alhamis Mudassir ya dawo
da allunan roba ashirin da huɗu a bayan motar Abu Nawaf,
launin katako, babu nauyin katako.
Na ɗaga ɗaya da hannu guda,
kofin shayi na ɗaya hannun, bai zube ba.

Ya ce, Bara'atu, duba nan,
kowane allo da harshe a dama,
da baki a hagu.
Harshen wannan ya shiga bakin wancan, ƙas,
shi ke nan, sun ƙulla.
Na ce, da haka mutane suke ai da an huta.
Bai yi dariya ba. Fensir na bakinsa.

Na farkon shi ne wahala.
Ya ɗora ma'auni, ɗan kumfan nan matsoraci
ya gudu hagu, ya gudu dama,
bangon kuwa tun ran gini a karkace yake.
In na farko ya kauce da ƙwayar gero
na ƙarshe zai kauce da taƙi.
Daga la'asar har aka kira magariba
muna kan allo ɗaya.

Inna na bakin ƙofa tana tsinkar lalo.
Ta ce, rufe miki ba ya warkar da shi.
Mudassir ya ce, Inna, haya muke,
bangon na mai gida ne,
idon da ke kallonsa ne namu.

Na biyu, na uku, na bakwai,
gam a murɗe kamar sawun maciji,
a danna, a ƙirga goma, a saki.
Zarto na tari,
farin gari ya yi wa ƙanena furfura tun ba lokaci ba.

A na goma sha ɗaya na riƙe hannunsa.

Nan teburin waya yake a da.
Nan Baba ke rubutu da biro a jikin bango,
wai takarda ɓata take,
bango kuwa ba ya zuwa ko'ina.
Duk shafen da muka yi, kewaye wurin muke,
ba wanda ya taɓa cewa a kewaye.

Yaya Talatu, Gumel.
Mai gas.
Ɗan'azumi direba, kada a kira bayan isha.
Lambobin Larabci da na boko a cakuɗe,
rabin masu su ƙasa ta rufe.
Can ƙasa wani layi da gishiri ya ci:
bashin da
sauran ya tafi.
Shi ake bi? Shi ke bi?
Shekara shida ba mu sani ba.

Mudassir ya zare fensir daga baki.
Ya juya allon, ya ajiye gam,
ya aske leɓen baya da reza, siriri,
ya zura shi haka nan, ba komai,
ya bar maƙwabtansa su riƙe shi.
Ya ce, wannan, ran da kika so,
da bakin cokali ma zai fito.

Na ƙarshen sai da aka tsaga shi a tsaye,
kusurwa ba ta da wurin cikakke.
Muka share, muka kunna fanka,
ɗaki ya yi kamar na wasu.

Da asuba na ji ƙwanƙwasa.
Inna ce, a duhu, da bayan yatsa,
tana bin bango allo allo.
Goma suka amsa mata da murya ɗaya.
Na gaba ya ɗan motsa.
Nan ta ja kujerarta.