Ƙullin Banuwa

Igiyar nan da ke rataye a zaurena a Wamakko,
kada yara su ɗauke ta su ɗaure akuya.
Akwai ƙulli a bakinta
wanda ba a ƙasar nan aka haife shi ba.

Rodel Magbanuwa sunansa, kofur daga Filifin.
Harshenmu ya kasa ɗaukar kayan duka,
muka sauke rabi a hanya, muka ce Banuwa.
Shi ma Arzika ya fi ƙarfin bakinsa,
Asika yake kirana, ina amsawa.

A Laberiya muka gamu, kowa da shuɗiyar hula.
Aka ce mako shida za mu yi atisaye tare.
Na dube shi, ko kafaɗata bai kai ba.
Na ce a raina, me wanga zai koya mini,
ni da na sha faretin Giginya a tsakar bazara
kwalta na lasar takalmina?

Kwana na uku aka kai mu bakin kogi.
Ni haihuwar Tangaza ne,
ruwan da na sani a guga yake hawowa.
Gwiwata ta yi sanyi, bindiga ta yi mini nauyi.
Banuwa ya gani, ya kau da ido
kamar mai neman wani abu a cikin ciyawa.
Da dare ya zo da igiya.
Ya ce garinsu ruwa gabas, ruwa yamma,
guguwa na zuwa karɓar haraji duk shekara,
ta tafi da rufi, wani zubin da mai rufin.
Ninka. Zura. Zagaya. Ja.
Sau arba'in, har yatsuna suka haddace
abin da kaina ya ƙi ɗauka.

Ni kuma na nuna masa sawu:
wannan na jiya ne, wannan mai kaya ne a ka,
wannan gurgu ne ko kuwa mai yaudara.
Ya ɗanɗani kilishina, ya yi hawaye, ya ƙara miƙo hannu.
In zan yi sallah shi ke riƙe mini bindiga.
In ya durƙusa da hoton 'yarsa a tafin hannu
ni ke duba masa daji.

Muka rabu a filin jirgi, babu dogon zance.

Shekaru suka ja. Na ajiye kaki.
Wata damina gulbi ya ƙetare iyakarsa cikin dare,
ya shiga gidaje ba sallama.
Na sami kaina da igiya, da gindin giginya,
da ruwa iya wuya.
Kaina ya ɗauke. Yatsuna ba su ɗauke ba.
Tumba mai daddawa ta bi igiyar ta fito,
sai Modi makaho, sai matar Ladan da goyo,
sha ɗaya na ƙirga kafin asuba.
Na sha biyun ruwa ya riga ni.
Shi ma ina ƙirga shi.

Yanzu a majalisar mai shayi
in rediyo ta ce sojojinmu sun tafi horo da baƙi,
sai Ɗanjumma ya ce ɓarnar kuɗi ce, yawon buɗe ido.
Nakan kurɓi shayina.
Tumba na wucewa da tirenta a ka,
ba ta ma san inda Filifin take ba.

Banuwa, wasiƙata ta dawo ba a buɗe ba.
Ko kana tsufa a bakin teku, ko tekun ta karɓi nata,
ga gaisuwar soja daga tudu,
gare ka da duk 'yan bataliyarka
masu cin shinkafa tun da sassafe.
Na ƙame. Ƙafar hagun ba ta bugawa kamar da.

Gobe autana zai tafi Zariya ɗaukar soja.
Uwarsa na ɗaura masa ƙuli-ƙuli.
Zo nan, Mainasara, miƙo hannunka.
Ninka.
A'a, ba haka ba. Sake.