Kaifi Biyu

A Sheffield, garin da ya yi suna da wuƙa,
a bayan filin ƙanƙara na Attercliffe,
ina da ɗaki bai fi rumfar mai shayi ba:
injin wasa, fitila, tsumma,
da jerin takalma masu jiran a duba musu baki.

Kakana Tanimu wanzami ne a Ringim.
Shi aska, ni takalmin sulu.
Kafin ya taɓa kan kowa
sai ya goga bakin askar a farcen babban yatsa.
Ni ma haka.
In ruwan takalmi ya kankare farce,
ya bar ɗan gari fari, to da sauransa.
In ya wuce sumul
kamar gaisuwar wanda ba ya son ka,
ya dakushe.

Mutane na zaton kaifin ɗaya ne.
Biyu ne, da ɗan kwari a tsakani,
kamar rafi da gaɓoɓinsa.
Nakan kife takalmin in ɗora kwabo a kai;
in ya karkata, wani ya wasa da gaggawa,
yaro zai yi ta faɗuwa ɓangare guda
yana zargin ƙafarsa.

Awa ashirin a kan ƙanƙara, wani talatin,
ƙafa za ta faɗa maka da kanta:
ka zo kwana, ta zame gefe.

Callum, ɗan shekara tara, ya kawo nasa ja wur da tsatsa.
Tun Asabar suke cikin kuben roba, a jiƙe.
Na ce, kube na tafiya ne, ba na kwana ba.
Ka goge, ka busar, ka sa musu rigar tawul.
Siminti kuma ba ƙanƙara ba ne,
taku uku a kai sun cinye aikina.
Ya ce to. Zai sake.
Duk suna sakewa.

Ranar Talata, lokacin tsofaffi,
Maureen ta ajiye nata a teburina,
farare da suka koma launin ƙwarya.
Shekara talatin da ɗaya. Mijinta ya saya mata
yana aiki a masana'antar ƙarfe
da yanzu ake ajiye motoci a wurin.
Ta ce, a ɗan taɓa su kawai.

Na ɗaga su ga fitila.
Dutse ba ya ba da kaifi kyauta,
ladansa a jikin ƙarfe yake ɗiba.
Nata ya zaizaye har ya wuce inda tauri ya ƙare;
in na wasa da hantsi, kafin la'asar ya mutu.
Fatar ma ta karye a idon sawu,
da yatsa biyu na lanƙwasa ta.

Na san maganar. Na faɗa wa mutum ɗari.
Amma sai na tsaya
ina goge abin da ba shi da datti.

Kakana yana da wata aska
da ta sirance ta koma tsinke.
Bai ƙara aske kowa da ita ba,
bai kuma yar ba.
Tana can ƙasan zabira, naɗe da ƙyalle.

Na ce, Maureen, babu sauran abin ɗiba a nan.
In muka ci gaba, ƙugunki zai biya.
Ta yi shiru.
A waje motar gyaran ƙanƙara na zagaye,
tana shafe sawun kowa.
Ta ce, zagaye ɗaya fa?

Na kunna inji. Sau ɗaya, a hankali,
tartsatsi kaɗan.
Ban karɓi ko kwabo ba.
Na fito bakin katanga da tsumma a kafaɗa
ina kallon ta, hannuwa a baya, kai a sama.

Uku ta yi.
Sannan ta zauna a benci, ta ari tsummata,
ta goge ruwan tas,
ta ce, nawa ne sababbi yanzu?