Daren Laraba a Bradford

Ɗakin yana saman shagon wanki.
Injuna na juyi a ƙarƙashin ƙafafunmu,
tebur na rawar ɗari, shayi na kaɗawa cikin kofi.
Mu shida ne in Sallau bai samu fasinja ba,
mu biyar in Allah ya ba shi.

Na zo da tawa a bayan takardar jadawalin aiki.
Ƙarfe uku na dare na rubuta ta
a gidan kula da tsofaffi,
tsakanin ƙararrawar ɗaki na tara
da kiran Misis Hargreaves, mai cigiyar mijinta
wanda aka binne tun ban san hanyar ƙasar nan ba.

Na miƙe na karanta.
Murya ta gudu ta bar ni a baiti na biyu,
sai a na huɗu ta dawo, tana sunkuyar da kai.
Na zauna. Ruwa na ta dukan taga.

Malam Cindo ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
Shekara talatin yana ƙirga ƙwayoyi a kantin magani,
yanzu gaɓoɓi yake ƙirgawa.
"Nomau," ya ce, "na lissafa:
zuciya bakwai a baiti takwas.
Zuciya ba gishiri ba ce da za ka yi ta barbaɗawa.
Bar guda ɗaya, mu ji ko za ta buga."

Aka yi dariya, ni ma na taya,
amma kunnuwana sun ɗau zafi.

"Sannan ɗangon nan," ya ɗora yatsa,
"inda mahaifinka ke tura keke zuwa tashar Funtuwa,
karin ya karye. Ɗingishi yake yi."

Tasalla ba ta ko cire rigar asibiti ba.
Ta jawo takardar, ta karanta a hankali,
leɓɓanta na motsi kamar mai lazimi,
ta ɗago ta dube ni:
"Baban naka, yana ɗingishi ne?"

Ban rubuta haka ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba.
Ƙafar hagu, na ce,
tun ranar da injin gurzar auduga ya kama ta.

"To kar wanda ya taɓa ɗangon nan.
Ya san abin da mai shi ya ɓoye."

Malam Cindo ya buga yatsu a kan tebur,
ɗaya, biyu, tsaiko, uku.
Ya sake bugawa. Ya mayar da tabarau.
"Na janye," ya ce.
"Amma zukatan nan shida, a sallame su."

Sai Ladidi, wadda aka haifa a nan,
Hausarta na tafiya da ƙafar aro.
Layi huɗu kacal, kan muryar kakarta a waya.
Ta mai da bishiya namiji, ta mai da gida mace,
ba wanda ya yi ko tari.
Sallau, da ya shigo da ruwa a kafaɗa,
ya ce, "Don Allah maimaita, ban ƙoshi ba."
Malam Cindo ya yi gyaransa da fensir, ƙanana ƙanana,
kamar mai zura wa yaro kuɗi a aljihu
ba ya so a gani.

Ƙarfe tara mai shago ya kaɗa makullai.

A matsayar bas ta Manningham,
ƙarƙashin fitila mai ƙyafta ido,
na jingina takardar da gilashi
ina soke zukata ɗaya bayan ɗaya.
Biyar sun tafi ba gardama.
Saura biyu: tawa, a baitin ƙarshe,
da ta tsohon, inda ya tsaya ya dafa sirdi
yana jiran numfashi ya iso shi.

Na soke tawa.

Bas ta zo, ta buɗe ƙofa, ta gaji ta rufe.
Ina nan tsaye, ina bugun yatsu a cinya:
ɗaya, biyu, tsaiko,
uku.