Ƙwayar Hatsi a Yini

Ni na ja akalar, kada a ɗora wa kowa.
Ran Alhamis ne, muna dawowa daga Badagishiri,
albasa ta faɗi warwas, aljihu ba nauyi,
taguwa ta tsaya tsinkar aduwa a bakin hanya,
na fizge ta da fushin da ba nata ba.
Ƙarfen ya shige ƙarƙashin muƙamuƙi.
Ko ruri ba ta yi ba,
shi ya fi ci mini rai.

Rauni ya rufe kafin sati uku,
amma leɓen ƙasa ya saki,
yana reto kamar bakin tsohon guga.
In ta kafa kai a kwami
ruwa ya shiga ta dama, ya tsiyaye ta hagu.
Ta haɗa leɓenta da harawa ta tauna
har jini, ba ta sani ba.
Ƙudaje suka kafa kasuwa a wurin,
ba mai tashin su.

Tankari mahauci ya biyo ta ƙofata sau biyu,
baki na gaisuwa, ido na auna tozo.
"Tun tana da nama, Arzika," in ji shi.
Na ce masa shayi ya ƙare.

Lokotoron dabbobi, Tsahara, ƴar unguwar Bilbis,
ta laluba haɓar da yatsu biyu, ta daɗe.
"Jijiyar ba ta tsinke ba, murjewa ta yi.
Daga can ciki za ta sake tsirowa
kamar saiwar gawo mai bin ɗanshi,
tsawon ƙwayar hatsi a yini, in ta samu hanya.
Babu allurar da ke sa ta gudu."
Na ce, ƙwaya nawa daga tabon zuwa leɓe?
Ta ce, "Kai da ka iya awon albasa?"

Daren nan na auna da taƙina,
na jera hatsi a kan tabarma, fitila na ci.
Tamanin da bakwai.
Na zuba su a gwangwanin tumatir,
kowace safiya in jefa wa kaji ɗaya.

Na koyi jiƙa dusa har ta yi laushin kunu,
in tallabe leɓen da tafin hannu, ta haɗiye.
Kowace Alhamis, maimakon kasuwa,
ƙayar aduwa da guntun gawayi:
in tsikara, in ta girgiza kai in ja zane.
Wani sati zanen ya matsa faɗin farce.
Wani sati yana nan inda yake,
in zauna gefenta, mu biyu, ba mai tuƙa.

Damina ta sauka, tabkin Babaye ya cika,
gwangwani ya ƙare, kaji suka ci ta ƙarshe.
Leɓe na nan a sake.
Tankari ya daina tsayawa, daga nesa yake ɗaga hannu.
Na koma wurin Tsahara da faɗa a bakina,
ta ce, "Saiwa ma takan ci karo da dutse."

Kwana ashirin da wani abu bayan haka,
da la'asar, ina gyaran buhu,
wani ƙuda ya sauka a gefen hagu,
wurin da suka saba.
Fatar ta motsa.
Kaɗan, kamar mai barci ya ji sunansa.
Ƙudan ya tashi.
Ya dawo, ta sake kore shi.
Na bar allura a cikin buhu,
ban samu bakin kiran kowa ba.

Yanzu tana zaɓen ganye tsakanin ƙaya
kamar tsohuwa na tsince shinkafa.
In ta sha, har yau ɗan ruwa na zuba.
Na cire ƙarfen, na saƙa mata akalar kaba.

Saura wuri ɗaya a ƙasan haɓa,
bai fi faɗin dala ba,
ko ka tsikara ba ta ji.
Tsahara ta ce wataƙila haka zai zauna.
Nan nake ɗora yatsa da asuba
in zan ba ta haƙuri.